Bar ɗin Tanti: Tarihin Wata Ƙofa a Diffa, 2015 zuwa 2021

Ranar da muka zauna raba batutuwan wannan ɗan littafi, da aka zo kaina sai na ce zan rubuta tarihin wani bar. Ɗakin ya yi tsit, can wani ya ce, "Kai malam, gidan giya fa kake nufi?" Na ce shi nake nufi. Ban taɓa kurɓar giya ba, kuma ba tallarta na zo yi ba. Amma kuɗin da aka saya mini littattafai da su tun daga ajin farko na kwaleji har na zauna jarrabawar BEPC, rabinsu ta ƙofar bayan wannan bar suka shigo gidanmu, kuma na gaji da yin kamar ban sani ba.

Ku da kuka tashi a nan kun san Diffa ba tsohon birni ba ne irin Damagaram. Zamanin Turawan Faransa, N'Gigmi da Maine-Soroa ne ke da suna a wannan gabas. Sai bayan samun 'yancin kai, da aka raba ƙasa kashi bakwai a 1964, aka ɗora Diffa ta zama babban gari. Daga nan ma'aikata suka fara sauka: malaman lakwal, jandarmomi, 'yan duwan, sojoji, ma'aikatan likita. Mutum ya baro Yamai, tafiyar kilomita sama da 1,300, ba mata ba 'ya'ya, bai iya Barbarci ba, an ajiye shi a bakin Komadugu an ce ya yi shekara uku. Irin waɗannan mutane su ne suka fara buƙatar wurin zama bayan an tashi aiki, kuma ba duka ne shayin fada ke isarsu ba. Bar a Diffa tare da gwamnati ya zo. Wannan ba zagi ba ne, haka abin yake.

Matar da nake magana a kanta, Tanti kowa ke ce mata, har tsofaffin da suka haife ta. 'Yar Togo ce. Ta biyo mijinta magini ne tun kafin a haife ni, ya rasu a nan, aka binne shi a nan, ita kuma ta ƙi komawa. Hausarta ta fi tawa, kuma idan ta ga dama ta yi ciniki da Barbarci har mai kaya ya sallama yana dariya. Wurin nata ba wani abin a zo a gani ba ne: tsakar gida mai yashi, rumfar kwano, tebur shida na roba, talabijin ɗaya don ƙwallo, firigo biyu manya, da ƙaramin janareto. Abin da ya raba ta da sauran shi ne haɗi. Masu boko suna ce masa koktel, ita haɗi take cewa. Tana dafa zoɓo da citta da kanumfari, tana matse lemon tsami, tana jiƙa tsamiya, tana daka ƙanƙara a turmi na musamman, sannan ta zuba wa kowa gwargwadon abin da ya nema. Wanda ke son a ɗiga masa mai ƙarfi ta ɗiga, wanda ba ya so ta ba shi fari. Kuma na rantse, masu shan farin ba su da kaɗan. Akwai malaman da zoɓon kawai ke kawo su, sai su zauna can lungu kada a gan su.

Alamar wurin ta sauka tun kafin yaƙi ya iso. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin tarzomar zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙone coci-coci da mashayu a Damagaram da Yamai, an rasa rayuka. Tanti ta ji a rediyo, ta sa aka cire allon da ke bisa ƙofarta a daren, kuma bai sake hawa ba har ta bar garin. Daga ranar wurin ya zama sai wanda ya sani.

Mako uku bayan haka, ranar 6 ga Fabrairu, Boko Haram suka afka wa Bosso da Diffa. Kwanakin da suka biyo baya bam ya tashi a kasuwa, aka kai hari gidan kaso, mutane suka yi ta cika motoci zuwa Damagaram. Ranar 10 ga wata gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa. Da farko kwana 15 aka ce. Daga baya aka koma sabunta ta duk wata uku, har yaran da aka haifa a cikinta suka shiga lakwal ba a ɗage ta ba. A ƙarƙashinta aka hana hawa moto, aka hana yawon dare, aka rufe wasu kasuwannin ƙauye, aka hana kamun kifi da fataucinsa, aka hana cinikin tattasai, aka tsaurara sayar da takin zamani da man fetur, wai duk don a toshe wa maharan hanyar kuɗi da kayan haɗa bam. Bayan harin tsibirin Karamga a ƙarshen Afrilu, aka umarci mutanen tsibiran tafkin Chadi su fito cikin 'yan kwanaki, dubbai suka tako a ƙafa cikin zafin bazara.

Mu a lokacin muna ƙauyenmu na bakin kogi. Babana manomin tattasai ne, kamar babansa. Wanda bai san ƙwarin Komadugu ba ba zai gane abin da hana tattasai ke nufi ba. Shi ne albashi, shi ne banki, shi ne sadaki, shi ne kujerar Makka. Ana shanya shi ja wur a kan yashi, a ɗura a buhu, 'yan kasuwar Najeriya su zo da naira su kwashe. Da aka hana, buhunan Baba suka zauna a ɗaki har ƙwari suka cinye rabi. Kafin shekarar ta ƙare, tsoro ya kore mu gaba ɗaya, muka shigo Diffa wurin yayana, wanda shi ma kabu-kabu yake yi kafin dokar ta kwantar da motonsa a zaure. Gida guda, manomi ba gona, ɗan kabu-kabu ba moto.

Yayana ne ya fara samun kafa. Ya roƙi Tanti ta bar shi ya kafa tukubar nama a bakin ƙofarta daga ciki, ta yarda ba ta karɓi ko dala ba. Da ya ga ƙanƙara ba ta isarta, ya haɗa ta da Inna. Inna ta sayar da awarwaronta ta sayi tsohon firigo, ta fara ɗaure ruwa a leda. Kullum Tanti na ɗaukar ƙulli 60, kowane dala biyar, jikka ɗaya da rabi ke nan a yini. Ni ke kaiwa a kan keke bayan na taso lakwal, cikin buhu da ƙaiƙayi, ta ƙofar baya. Baba bai taɓa tambayar inda ƙanƙarar ke zuwa ba. Ya sani sarai. Idan na fito da buhun sai ya juya ya kama gyaran rediyonsa, wanda ba abin da ya same shi.

Yanzu ga abin da nake so ku lura da shi, don shi ne zuciyar maganar. Dokar ta-ɓaci ba ta kashe bar ɗin Tanti ba. Ta yanke masa lokaci ne kawai. Sana'ar dare aka hana ta dare, sai ta koma ta la'asar. Mutane suka koyi zuwa ƙarfe huɗu, su sha a tsaye-tsaye, kafin lokacin hana fita kowa ya kama gabansa. Tanti na da wani agogon bango da ta ƙara wa minti goma sha biyar da gangan, don kada wani ya makara a kama shi a hanya a ce daga wurinta ya fito. Lokutan ma ba su tsaya wuri ɗaya ba: idan an samu lafiya a ɗan sassauta, idan an kai hari a sake matsewa, ita kuma ta bi.

Abin da ba a cika faɗa ba kuwa shi ne yaƙin da ya karya Baba shi ya cika wa Tanti tebur. Garin ya cika da sojoji. Ƙungiyoyin agaji suka buɗe ofisoshi, musamman bayan harin Bosso na 3 ga Yuni 2016 da ya watso dubun-dubatar mutane kan babbar hanya ta RN1. Kowace ƙungiya da direbobinta, da masu lissafinta, da ma'aikatan da aka ɗauko daga Yamai da Burkina da Kamaru, masu albashi a ƙarshen wata. Kuɗin haya ya tashi a gari. Wani kaso na wannan kuɗi ya bi ta hannun Tanti, daga nan ya sauko kan tukubar yayana, da firigon Inna, da mai kawo gawayi, da yarinyar da ke wanke kofuna, da tsohon da ke gadi. Na taɓa zama na ƙirga, baki ashirin da wani abu ke ci daga tebur shida. Ban faɗi wannan don in wanke giya ba. Haramun ce a addinina, kuma na ga mutanen kirki da ta lalata a wannan tsakar gida da idona. Na faɗa ne don ku san girman abin da aka rufe.

Sannu a hankali abubuwa suka fara saki. A ƙarshen 2017 aka halatta tattasai. A 2019 aka halatta kifi. Baba ya fara zuwa gona yana dawowa, da zuciya ɗaya a hannu, sai ga ambaliyar Komadugu ta Oktoba 2019 ta shafe abin da ya dasa. A daidai wannan lokaci Najeriya ta rufe iyakarta tun watan Agusta, kayan da Tanti ke samu da sauƙi daga can, su Maltina da sauran lemon kwalba, suka yi tsada. Duk da haka farkon 2020 shi ne lokaci mafi daɗi da na sani a wurin. Ana kallon ƙwallo har a gama wasa. Tanti ta ci bashi ta sayi sababbin kujeru goma sha biyu, jajaye, ta ce bana za ta yi wa rumfa silin.

Ranar 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou ya yi wa ƙasa jawabi kan cutar korona. Za a rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, za a rufe iyakokin ƙasa, za a rufe makarantu, an hana taron da ya wuce mutum 50, kuma za a rufe mashayu da gidajen rawa da gidajen silima daga tsakar daren 18 ga wata. A ranar ba a ma tabbatar da ko mutum ɗaya mai cutar a Nijar ba. Sai ranar 19 ministan lafiya Idi Illiassou Mainassara ya sanar da na farko, wani ma'aikacin kamfanin sufuri a Yamai da ya biyo ta Lome da Accra da Abidjan da Wagadugu. Ba a jima ba aka rufe masallatai. Ranar 27 ga wata aka kafa dokar ta-ɓacin lafiya, aka sa hana fitar dare a Yamai, aka killace birnin ba shiga ba fita.

Na kai ƙanƙara ranar 18 kamar kullum. Na tarar da Tanti tana jera sababbin kujerun ɗaya bisa ɗaya. Ta ce, "Ɗana, gobe kada ka kawo. Ka gaya wa Hajiya mako biyu ne." Inna ba ta je Makka ba, amma haka Tanti ke kiranta.

Ba na cikin masu cewa korona ƙarya ce. Ta kashe mutane a Yamai, har da ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar a farkon Mayu, kuma mun ji abin da ya faru a Kano a watan Afrilu, da yadda aka yi ta binne tsofaffi. Ƙasar da gadajen asibitinta ba su da yawa tana da dalilin jin tsoro da wuri. Amma doka ɗaya aka yanka wa ƙasar duka da ma'aunin Yamai. Har ƙarshen Mayu masu cutar da aka tabbatar a Nijar ba su kai 1,000 ba, mafi yawansu a babban birni, na Diffa kuwa 'yan tsiraru ne. Mu abin da muke ji da kunnenmu a lokacin harbi ne. A farkon Mayu an gwabza a gadar Dutsi, nan bakin gari, cikin azumi, muna kwance a ƙasa muna jin ƙarar manyan bindigogi. Ka ce wa mutumin da ke kwance a ƙasa ya wanke hannu da sabulu, zai wanke, amma zai dube ka.

Bambancin dokar nan da ta 2015 shi ne wannan ba lokaci ta yanke ba, ƙofar ta rufe. Ba wata dabarar agogo da za ta yi aiki. Sannan ta kwashe mutanen da ke riƙe da wurin. Ma'aikatan agaji da yawa aka ce su zauna gida, waɗanda suka tafi Yamai hutu killacewa ta rutsa da su can. Ƙwallon Turai ma an dakatar, talabijin ya zama kwali. Haya kuwa ba ta san korona ba, jikka 40 duk wata. Bashin kujeru na jira. Mako biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama ba ranar buɗewa.

Gwamnati ta yi wasu abubuwa, gaskiya a faɗe ta. Ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin amfani. Ta saki fursunoni 1,540, ciki har da Hama Amadou. Ta shirya da bankuna a ba kamfanoni rance na sefa biliyan 150. Amma mai firigo biyu manya ba mai ƙaramin amfani ba ce, kuma rancen banki na mai takardu ne, mai littafin lissafi da hatimi. Littafin Tanti na basussukan mashaya ne, an rubuta da laƙabi: Dogon Duwan, Mai Gilashi, Kamaru. A Faransa, da suka rufe mashayunsu a tsakiyar Maris, gwamnati ta riƙa ba ƙananan 'yan kasuwa har Yuro 1,500 a wata, wato kusan sefa miliyan ɗaya. A Ingila gwamnati ta biya kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da aka zaunar. Mun kwafo rufewar daga wurinsu, ba mu da aljihun kwafo biyan. Ban zargi kowa da talaucin ƙasa ba. Sai dai wanda ya rubuta "a rufe" ya kamata ya san akwai baki ashirin a bayan kowace ƙofa.

Tanti ta gwada hanyar da kowa zai gwada. Waɗanda ta sani su kira ta a waya, ta ɗura haɗi a gorar ruwa, yayana ya kai musu gida, tun da tukubarsa ta mutu. Wasu amintattu biyu ko uku ta bari suna shigowa ta baya, su zauna cikin ɗakinta a rufe. Wannan ne ya ja mata. Wani dare wasu masu kaki suka buga ƙofa, suka kwashe kwalabe, suka tafi da ita. Ta kwana ɗaya, ta dawo da safe jikka 50 ta fita daga hannunta ba takarda. Abin da ya fi ƙona mata rai, kamar yadda ta gaya wa Inna, ba kuɗin ba ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zo yana da shafi guda cur a littafinta, kuma bai iya haɗa ido da ita ba. A makon ta sayar da janareto.

Sai azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, cikin tsananin zafi. Ko ba korona, azumi lokacin mutuwar kasuwa ne ga bar, amma a da tana shiga shi da ajiya. Wannan karon ta shiga da bashi. A nan ne aka yi abin da har yau ban ji an yi irinsa ba. Inna, wadda shekara huɗu tana sayar wa matar nan ƙanƙara ba ta taɓa taka gidanta ba, ta yafa mayafi bayan isha'i ta ce in raka ta. Muka shiga ta baya. Suka gaisa kamar surukai. Inna ta ce, "Tanti, yaran nan sun ce ba wanda ya kai ki iya zoɓo. Mutane na azumi, ƙishi na kashe su, amma ba mai saye a hannunki, kin sani na sani. Ki dafa, ni in sayar."

Tanti ta yi shiru, sannan ta ce, "Hajiya, da tukunyata?"

Inna ta ce, "Da tawa. Sabuwa zan aiko, da ludayi, da rariya. Kada ki haɗa su da komai."

Haka aka yi. Da asuba Tanti ta dafa zoɓo da lemon citta da na tsamiya a tukunyar Inna, ba ɗigon komai a ciki, a sanya a firigonta da ke zaune ba aiki, da la'asar in kwaso a ƙulle a leda in kawo ƙofar gidanmu. Kafin a kira magariba an wawashe. Unguwa ta ɗauka da cewa Inna ta samo sabon sirri, mata na zuwa tambayarta me take sawa, ita kuma ta ce kanumfari ne kawai. Na ga limamin unguwarmu ya aiko yaro da dala ashirin kullum. Na sha tambayar kaina ko yaudara muka yi. Abin da ke cikin ledar halal ne tsantsa, na tsaya a kansa ana dafawa. Hannun da ya dafa ne mutane ba za su karɓa ba, shi muka ɓoye. Ribar ana raba ta biyu duk dare a kan tabarma, kuma da ita Tanti ta biya hayar Mayu.

Baba ya sha zoɓon nan wata guda yana buɗa baki da shi. Daren salla ya ce wa Inna, ba tare da ya dube ta ba, "A kai wa baƙuwar nan abinci gobe." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar.

Yanzu ku duba wanda ya yi magana da wanda aka yi wa shiru. Da aka rufe masallatai, mutane sun fito. An yi tarzoma a Mirya tun ƙarshen Maris, an yi a unguwannin Yamai a Afrilu har aka kama sama da mutum ɗari. Ranar 13 ga Mayu aka buɗe wuraren ibada, aka ɗage hana fitar dare a Yamai. Makarantu na da iyaye da ƙungiyoyin malamai da na ɗalibai, aka buɗe su ranar 1 ga Yuni, aka ɗaga mana jarrabawa zuwa Agusta. Mutanen tsibirai a 2015 sun samu Moussa Tchangari na ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, wanda ya yi magana a kan yadda aka kwashe su har aka tsare shi kwanaki a watan Mayun shekarar. Tattasai da kifi sun samu rahoto guda na Oxfam a 2017, da 'yan majalisa, da sarakuna. Duk sun cancanta, kuma ni ɗan manomin tattasai ne, ba zan yi ƙyashi ba. Amma bar, wa zai tsaya masa? Ɗan majalisar da ya buɗe baki ya gama siyasa. Masu zama a kujerun nan jajaye, waɗanda wasunsu ke da ofis da hatimi, su ne na farkon cewa ba su san wurin ba. Mu da muke ci daga gare shi ma ta baya muke shiga. Shi ya sa idan aka tashi rubuta tarihin shekarun nan a Diffa za a sa bam, a sa tattasai, a sa sansanin Sayam, a sa korona, amma tebur shida na Tanti ba za su samu ko layi ɗaya ba.

Bayan salla, da ta ga na kusa da ita sun buɗe, ita ma ta buɗe. Ba janareto, don haka idan wuta ta ɗauke sai a zauna a duhu da fitilar waya. Ƙanƙara ta sauko daga ƙulli 60 zuwa 25. Yarinyar wanke-wanke ta yi aure, ba a ɗauki wata ba. Yayana ya sake hura tukuba amma rabin nama yake yankowa. Ta lallaɓa haka har damina ta wuce, tana rage bashin kujeru kaɗan-kaɗan, tana sa rai da Kirsimeti da sabuwar shekara, don a makonni biyun nan take samun abin da ke riƙe ta wata uku.

Disamba ta zo da nata. Daren 12 ga wata aka kai hari Tumur, aka kashe mutane da dama, aka ƙone gidaje da kasuwa, gari ya sake ɗaukar makoki. Cutar kuma ta dawo karo na biyu a Yamai, gwamnati ta sake ba da umarnin rufe mashayu da gidajen rawa a daidai lokacin bukukuwan. A wannan watan ne ake yaƙin neman zaɓen 27 ga Disamba, filaye cike da jama'a, kafaɗa da kafaɗa, ana kiɗa ana rabon atamfa. Tanti ta riga ta sayo kayan biki da bashi. Na same ta zaune kan akwatin kwalabe, motar 'yan siyasa na wucewa da lasifika a waje. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ɗana, korona ba ta zuwa mitin, wurina kawai take zuwa."

Daga nan ba ta sake miƙewa ba. Ta buɗe a 2021 da tebur uku, ta sayar da talabijin, mai gida ya fara kawo masu duba wuri tana zaune. Ta so tafiya tun farkon shekara amma iyakokin ƙasa na rufe a hukumance, kuma ta ce ba za ta bi ta daji kamar ɓarauniya ba bayan shekara sama da ashirin a ƙasar. Da aka buɗe su a tsakiyar shekarar, ta je ta yi wa kabarin mijinta shara, ta raba kujerun. Huɗu suna gidanmu, Baba na zama kan ɗaya yana sauraron labarai. Babban firigon ta bar wa Inna a kan jikka 120, a biya a hankali. Littafin bashi kuwa ta sa yayana ya jefa a tukuba, ya ce ya buɗe ya duba kafin ya jefa, jimillar ta fi kuɗin firigon sau uku.

Na raka ta tasha da asuba, ni na ɗaukar mata jaka. Ta ba ni wata takarda a ninke ta ce in kai wa Hajiya. A hanya na buɗe. Awon zoɓon ne da Faransanci, citta kaza, kanumfari kaza, bawon abarba, da gargaɗin kada a bari ya tafasa sau biyu. Inna ba ta karatun boko, ni na karanta mata har ta haddace.

Wurin yanzu shagon cajin waya ne da sayar da kati, an toshe ƙofar bayan da bulo. Inna ta gama biyan firigon a cikin wata goma sha huɗu, ni ke zuwa in aika kuɗin Lome duk ƙarshen wata. A biya na ƙarshe Tanti ta kira wayar yayana ta ce a ba ta Hajiya. Sun yi kusan rabin awa, yawanci a kan tsadar sukari.